Agajin gaggawa ko ihu bayan hari?

Tun watan Afrilun 2025, da Tom Fletcher, shugaban OCHA, ofishin daidaita ayyukan jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sanar da rage kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatansa da kuma taƙaita aiki a wasu ƙasashe, ciki har da Kamaru, duk taron da ka shiga a Marwa, babban birnin Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kukan ɗaya ne: Amurka ta rufe hukumarta ta agaji USAID, kuɗi sun ƙafe, agajin gaggawa zai mutu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar da can agajin yana zuwa a kan kari. A je a tambayi mutanen Yagwa, garin Kamaru da ke kusa da kogin Logon.

Ambaliyar kogunan Logon da Shari ba girgizar ƙasa ba ce da za ta faɗo wa mutum yana barci. Ruwan da ke cin Kuseri ta Kamaru da Ndjamena ta Chadi a watan Oktoba, tun Agusta ya zuba a tsaunukan Adamawa da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Makonni yake yi yana gangarowa, ya wuce Mundu, ya wuce Bongor, garuruwan Chadi na bakin Logon, ana auna tsayinsa a hanya, kafin kogunan biyu su haɗu a bakin Ndjamena, garin da hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi take. Baƙon da ya aiko da saƙon zuwansa wata guda, in ya tarar ba a share gida ba, laifin wa?

Amma dubi yadda tsarin ke tafiya. Sai ruwa ya ci gari, sannan a aika sanarwa. A tura tawagar tantance buƙatu, a rubuta rahoto, a nemi kuɗi daga CERF, asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka buɗe a 2006, ko daga Tarayyar Turai, a sayi kaya, a nemi motar da za ta kai. Kowane mataki da hujjarsa a takarda. A 2022 ina Kuseri lokacin da ruwa ya mamaye Waliya da Tukra, unguwannin Ndjamena a tsallaken kogi, ya kuma shigo unguwanninmu. Samari ne suka kwana suna cika buhuna da yashi, da fitilar waya, suna toshe inda jinga ta fashe. Masu kwalekwale ne suka kwashe tsofaffi da awaki. Bayan kwanaki wata ƙungiya ta iso da fararen motoci, ma'aikatanta riƙe da kwamfutar hannu, suna tambayar wata dattijuwa mutum nawa ne a gidanta, alhali gidan yana ƙarƙashin ruwa. Wani mai kwalekwale ya dube ni ya ce, "Malam, da kuɗin man motar nan suka ba mu makon jiya, da geron Inna bai jiƙe ba."

Sai ga 2024. Mutum 576 suka rasu a Chadi, kusan miliyan 2 ambaliya ta shafa, a dukkan larduna 23. A Arewa Mai Nisa ta Kamaru sama da mutum 400,000, gadar cikin Yagwa ta karye. Shekara biyu kacal tsakani, koguna ɗaya, watanni ɗaya, amma aka sake kiran abin ba-zata.

Masu kare tsarin za su ce ba a sakin kuɗin jama'a kan hasashe. Wannan magana ta mutu tun Yulin 2020, lokacin da CERF ɗin nan da kanta ta saki dala miliyan 5.2 ga Bangaladash cikin sa'o'i huɗu da samun gargaɗi, kafin kogin Jamuna ya kai ƙololuwa, aka tura wa iyalai kuɗi ta waya suka kwashe dabbobi da hatsi. An iya ke nan. Mu ma muna da Orange Money da Airtel Money, kuma ruwanmu tafiyar hawainiya yake yi.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce kuɗin ba ya son sauka ƙasa. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Har yau ba a kusa ba. Ana cewa ƙungiyoyinmu ba su iya lissafi. To wanda ya iya lissafin, me ya hana shi ƙirga makonnin da ruwa ke yi daga Mundu zuwa Kuseri? Gwamnatocinmu ma ba su fita daga laifin ba. Tun ambaliyar 2012 ake waƙar jingar tafkin Maga da ta bakin Logon, kuma kowace damina sai dai ziyarar jaje da buhunan shinkafa a gaban kyamara.

Tunda kuɗin ya ragu, ɗan abin da ya rage a ajiye shi kusa da kogi. Kafin Agusta a sa buhuna, shebur, maganin tsarkake ruwa da mai a hannun lawanai, bulamomi da 'yan Red Cross na unguwa. A yi yarjejeniya da masu kwalekwale tun rani, a yanka farashi kafin ruwa ya zo ya ninka shi. A tsayar da awo guda a Bongor, in ruwa ya taɓa shi kuɗi ya fita, ba tare da jiran sa hannun wani a Janeba ba.