Kafin ka ƙara baki a gidanka, ɗauki biro da takarda

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da kuka yi auren fari cikin 'yan shekarun nan, da masu haɗa lefe yanzu, da abokaina na majalisa waɗanda hirarsu ba ta wuce "in sha Allahu bayan sallah zan ƙara". Na daɗe ina taunar maganar nan ina haɗiyewa, domin na san yadda ake karɓar irinta a wajenmu. Da ka ce a yi lissafi kafin a tara iyali, sai a ce imaninka ya yi rauni, ko Turawa sun juya maka kai. Abin da na gani a daminar bana shi ya hana ni ci gaba da shiru.

Wajen ƙarfe ɗayan dare wani maƙwabcina ya buga min ƙofa, da ɗansa ɗan shekara huɗu a kafaɗa, yaron yana jijjiga. Direban adaidaita sahu ne, matansa biyu, 'ya'yansa goma sha ɗaya, a ɗaki biyu na haya. Muka ruga asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye jinin yaron, sai an yi ƙarin jini. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi tun yaushe zazzaɓin ya fara, sai ya sunkuyar da kai ya ce kwana biyar. Muna zaune a benci muna jira, ya ce da ni: "Malam, kuɗin da zan kawo shi da su ranar farko, da su aka ɗora tukunya." Allah ya yi wa yaron sauran kwana, ya tashi. Mutumin nan kuwa ba ya shaye-shaye, ba ya caca, tun asuba yake fita sai bayan isha'i. In ya cire balas ɗin mai babur da kuɗin mai, abin da ya rage shi ake raba wa baki goma sha huɗu. Duk nagartarsa, rabon ba ya kaiwa.

To bari mu yi lissafin da ba ma son yi. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, daga dubu 30 da aka tsayar a 2019. Raba dubu 70 gida 30, za ka samu naira 2,333 a rana. In ku goma ne a gida, kowa ya tashi da naira 233. Ka je bakin titi da naira 233 ka ga koko da ƙosai nawa za a zuba maka, sannan ka tuna wannan shi ne karin kumallo da na rana da na dare, kuma a cikinsa ake son fitar da haya da sabulu da magani.

Mu juya lissafin ta ɗaya gefen. A ce kowane mutum a gidan zai ci abincin naira 500 kacal a yini, wato tuwo da miyar kuka da ɗan wake, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Mutum goma, naira dubu 5 ke nan a rana, dubu 150 a wata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi kan yadda gidaje ke kashe kuɗi a 2019 ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 na abin da 'yan Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. Idan dubu 150 ita ce kashi 57, to gidan nan yana buƙatar sama da naira dubu 260 kowane wata, kusan ninki huɗu na mafi ƙarancin albashi, don a rayu hannu baka hannu ƙwarya. In kana son yaranka su ci na naira dubu ɗaya ɗaya a rana, ka ninka: ka haura rabin miliyan. Wannan lissafin nawa ne, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu ya gwada. Mutum nawa ne a majalisarku ke samun rabin miliyan a wata?

Ko a hatsi kaɗai ka duba. Buhun masara kwano 40 ne. Gidan mutum goma zai tashi da kwano ɗaya da rabi a yini ba tare da almubazzaranci ba, wato buhu ba ya kai wata. Ka ɗora kuɗin niƙa, gawayi ko itace, manja, dunƙule, daddawa, kayan miya, ruwan 'yan garuwa. Waɗannan ƙananan su ne ke cinye aljihu, domin ba a ganin fitarsu. Kuma mun ga yadda farashi ke juyawa a dare ɗaya: a ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ya gina gidansa a kan cewa samunsa daidai yake da cinsa, babu rarar ko sisi, iska ɗaya irin wannan ta isa ta kwashe masa rufi.

Na san amsar da ke bakin wani yanzu: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Na yi imani da haka. Allah ya faɗa a Suratu Hud cewa babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana gare Shi, ya kuma hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci a Suratul Isra'i. Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa. Ba na jayayya da ko ɗaya, kuma duk ɗan da ya riga ya zo duniya kyauta ce daga Allah, ba a nadamarsa. Amma me ya sa muke karanta rabi mu rufe littafi? A Suratun Nur, nan da nan bayan ayar da ta yi umarni da aurar da marasa aure, aya ta 33 ta ce waɗanda ba su sami halin aure ba su kame kansu har Allah ya wadata su daga falalarsa. Hadisin Ibn Mas'ud ya ce wanda ya sami iko a cikinku ya yi aure, wanda bai samu ba ya lizimci azumi. A Suratul Baƙara, aya ta 233, ciyar da uwa mai shayarwa da tufatar da ita an ɗora su a wuyan uban ɗa, ba a wuyan maƙwabta ko gwamnati ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke kansa. Da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya so ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa barin magadansa a wadace ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Mai raƙumin da ya tambaya ko ya sake shi ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna. Lissafin da nake kiran ku gare shi shi ne igiyar raƙumin.

Sai wani ya ce, ai kakanninmu sun haifi ashirin, talatin, ba su yi lissafi ba kuma ba su mutu da yunwa ba. Sun yi lissafi mana, nasu irin na zamaninsu. A gandu suke. Maigida da 'ya'yansa maza da ƙannensa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake cikawa, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Yaro ɗan shekara bakwai ya fara kiwo, ɗan goma sha biyu ya riƙe fartanya. Duk ɗan da aka haifa ƙarin hannu ne a gona, kuma ga daji, in gona ta yi kaɗan a share sabuwa. Bayan damina maigida ya leƙa rumbu ya san ko zai kai shi wata kakar. Yau gonar nan an raba ta gado hawa biyu ko uku, abin da ya zo hannunka bai fi a shuka kuɓewa ba, wasu ma an yanka ta filaye an sayar. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Kai kuma kana birni, a gidan haya, inda ruwan sha ma sayensa kake. Ɗanka ba zai kawo komai gida ba sai ya yi shekara ashirin ko fiye, in ma ya sami aiki. Mun ɗauko yawan iyalin gandu mun kawo shi ɗakin haya, mun baro gonar da rumbun a baya.

Abin da ya fi yaudarar matasa shi ne jariri ba shi da tsada. In ka yanka ragon suna ka sallami kayan barka, nono ne abincinsa, bayan uwarsa ne gadonsa. Sai ka ga kamar na biyu da na uku da na shida ma haka za su zo da sauƙi. Nauyin yana can gaba yana jiranka, kuma a tare zai sauko. Bayan shekara goma sha biyar, a shekara guda za ka tarar da mai jarrabawar WAEC da NECO, da mai neman JAMB, da uku a firamare kowa da kuɗin makaranta da na littafi, da kuɗin wata na Islamiyya, da budurwar da manema suka fara sallama a kanta, ga gado da katifa da kujeru da gara suna kallonka. Lokacin kuma ƙarfinka ya fara raguwa, hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙowa. Akwai ma maganar ɗaki. An umarce mu da raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. A ciki da falo, da yara takwas maza da mata, ina za ka raba su? Sai samarin su koma kwana a shago ko soron wani, inda ba ka san da wa suke kwana ba, ba ka san abin da ake koya musu ba. Daga nan ake fara sholisho da ƙwaya, daga nan ake shiga daba.

Alƙaluma ma sun nuna inda nauyin ya fi sauka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, a Katsina ya kai 7.3, alhali a Legas 3.4 ne. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa a ƙasar nan, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ban ce haihuwa ce kaɗai ta jawo ba. Akwai zaluncin shugabanni, akwai masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka durƙushe, akwai rashin wuta da rashin tsaro. Waɗannan sai mu ci gaba da neman haƙƙinmu a kansu. Amma yawan bakin da za ka tara a gidanka, da lokacin da za ka tara su, wannan shawara a ɗakinka ake yanke ta. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, aka yi masa ca. Ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, yaran da ya yi magana a kansu suna nan a bakin danja da robar bara, kuma kowannensu yana da uba.

Wanda ke biyan gibin lissafin nan kuwa, sau da yawa ba maigida ba ne. Shi ya ajiye naira dubu ɗaya ya fita, ya ci shayi da burodi a tasha. Matar ce za ta san yadda za ta yi, ta ci bashin mai shago, ta sayar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora wa 'yarta 'yar shekara tara tallan gyaɗa a lokacin da ya kamata tana aji. Ita ce ke cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi, ga goyo ga ciki. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kakanninmu kuma suna ƙyamar kwanika, har mace kan tafi goyon ciki da wankan gida ta huta a gaban iyayenta. Likitoci ma shawararsu a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Jabir (RA) ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Tazarar haihuwa da yardar miji da mata, don lafiyar uwa da tarbiyyar ɗa, malamai da yawa sun halatta ta. Ka je ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ka kuma je asibiti tare da matarka, kada ka tsaya a fatawar majalisa.

Wanda Allah ya hore wa, yana da gona ko kasuwa mai ɗaukar nauyi, yana da ɗakuna da lokacin zama da yara, ya haifi ashirin, Allah ya raya su, mu zo suna mu ci shinkafa da farin ciki. Kai kuma ɗan'uwana mai albashin dubu 80 ko ɗan teburin kasuwa, abin da nake roƙonka ƙarami ne. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Wata guda cur, ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har kuɗin kati da na goro da gudunmawar biki. Ka raba kuɗin haya gida 12 ka sa a ciki. Ka sa uwargida ta faɗa maka abin da take cikawa daga aljihunta da bashin da ake binta, domin shi ma kuɗin gidan ne ko da ba ka taɓa jin labarinsa ba. Idan wata ya ƙare ka duba: akwai rarar da za ta kai yaro asibiti a daren farko na zazzaɓi? Akwai buhu ɗaya a ajiye? In babu, to ƙarin da ya kamace ka yanzu shi ne ƙarin sana'a, da jarin da za ka ba matarka, da adashin da za ka shiga. Maganar amarya ta jira.

Maƙwabcin nan nawa, bayan an sallami ɗansa, ni da shi muka zauna a ƙofar gida muka yi irin wannan lissafin a bayan takardar magani. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Daga baya ya gaya min babban ɗansa, mai shekara goma sha shida, ya bar makaranta tun bara yana bin masu wankin mota, kuma sai bayan wata biyu shi uban ya sani. Yanzu muna neman wanda zai karɓi yaron koyon gyaran babur da yamma, ya koma aji da safe.