Ga Masu Cewa A Bar Tone-Tone

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Wata muhawara na gani tsakanin masu bi, ita ce ta hana ni yin shiru. Wani matashi ya rubuta cewa ikkilisiyoyi da yawa sun sa hannu dumu-dumu a cinikin bayi da wariyar launin fata, sannan ya tambaya ko akwai abin da ya kamata mu koya daga wannan. Babu wanda ya ƙaryata shi, domin babu wanda ya kawo hujja ko guda ɗaya da ta rushe maganarsa. Rufe masa baki kawai aka yi. Wani ya ce masa ya bar tone-tone, wani ya ce siyasa yake shigo da ita cikin al'amarin Allah, wata baiwar Allah kuma ta tuna masa cewa Kirista na gari gafartawa yake yi ya wuce. Masu waɗannan amsoshi mutanen kirki ne, masu kishin ikkilisiya, kuma wannan ne ya sa abin ya fi damuna, domin halin da nake son mu duba ba a wurin mugaye ya fi yawa ba. Hali ne na masu son zaman lafiya, waɗanda suka gwammace a rufe zancen zalunci da a ji ɗacinsa.

Annabi Irmiya ya san irin wannan hali, shi ya sa ya zargi annabawa da firistocin zamaninsa da yi wa raunin jama'a magani sama-sama, suna cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya. Ku duba yadda aka yi ta maimaita wannan a tarihinmu.

A shekarar 1667 majalisar mulkin Virginia, a ƙasar da ta zama Amurka daga baya, ta kafa doka cewa baftisma ba ta canza matsayin bawa. Dalilin dokar shi ne iyayengiji suna tsoron kada bawa ya tuba ya bi Yesu, sannan ya nemi 'yancinsa da hujjar cewa yanzu ɗan'uwa ne. Sai aka kwantar musu da hankali: ku bari a yi masa baftisma, dukiyarku tana nan. A shekarar 1807 kuma aka buga wani Littafi Mai Tsarki na musamman a Landan domin bayin tsibiran da Birtaniya take mulka a yankin Karebiyan. An cire labarin yadda Allah ya fitar da Isra'ilawa daga bautar Masar, an cire ayar Galatiyawa da ta ce babu bawa babu ɗa, duka ɗaya ne cikin Almasihu, amma an bar ayar da ta ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Masu wa'azin bishara ne suka shirya wannan aiki, kuma ba na shakka sun buɗe taronsu da addu'a. A tsibirin Barbados, ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Ingila ta mallaki gonakin rake na Codrington tare da bayin da ke cikinsu, har an riƙa yi wa waɗansu bayin lalas da ƙarfe mai zafi a ƙirji domin a san na ƙungiyar ne. Sai a shekarar 2006 ikkilisiyar ta nemi gafara a kan haka.

Ina roƙonku ku tsaya kaɗan a wata majami'a ta Methodist da ake kira St. George a birnin Philadelphia na Amurka, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Baƙaƙen fata masu bi suna sujada a can, sun ma ba da gudummawarsu wajen aikin ginin. Wata ranar Lahadi suka durƙusa a inda shugabanni ba su so su zauna ba, ana tsakiyar addu'a. Wani jami'in majami'ar ya zo ya kama Absalom Jones yana jan sa daga kan gwiwoyinsa, yana ce masa ya tashi. Jones ya roƙe shi ya dakata a idar da addu'ar tukuna, amma mutumin ya ƙi, har ya yafito wani ya zo ya taya shi. Da aka shafa, Jones da Richard Allen da sauran 'yan'uwansu suka fita gaba ɗaya, kuma daga wannan fita ce aka kai ga kafa ikkilisiyar AME, wato ikkilisiyar Methodist ta baƙaƙen fata, a shekarar 1816. Wanda ya ja Jones bai ɗauki kansa azzalumi ba. A ganinsa tsari yake kiyayewa, yana hana rigima a ɗakin Allah.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya fi wannan tsoratar da ni, domin da lallausan harshe aka yi shi. A shekarar 1857 babban taron Ikkilisiyar Dutch Reformed ya zauna a kan ƙorafin waɗansu fararen fata da ba su son cin Jibin Ubangiji tare da baƙaƙen da suka ba da gaskiya. Taron ya amince cewa abin da ya dace da Nassi shi ne a yi sujada tare, amma ya ce saboda raunin waɗansu, a bari a riƙa taruwa a gine-gine dabam dabam. Sun san gaskiya, sun rubuta ta da hannunsu, sannan suka ajiye ta a gefe domin kada ran masu ƙarfi ya ɓaci. Wannan rangwame da aka yi domin a zauna lafiya shi ne ya girma ya zama ikkilisiyoyi na kowane launi, kuma da gwamnatin wariya ta hau mulki a 1948, ta tarar da malaman tauhidi a shirye da ayoyin da za su kare ta. Rarrabuwar ta fara ne a teburin Ubangiji kafin ta kai ga jirgin ƙasa da makaranta da maƙabarta.

Yanzu ga maganar siyasa. Ni ma ba na son a mai da bagade dandalin yaƙin neman zaɓe, kuma fasto da ya sayar da bakinsa ga wata jam'iyya ya ci amanar garkensa. Amma ba wannan ake nufi ba a mafi yawan lokutan da ake cewa kada a kawo siyasa. Abin da ake nufi shi ne kada a taɓa abin da masu iko suke amfana da shi. Haka Amaziya firist na Betel ya yi wa Amos, ya ce masa ya koma ƙasar Yahuza ya yi annabcinsa a can, domin Betel wurin sujadar sarki ne. A watan Afrilu na 1963, shugabannin addini farare su takwas a jihar Alabama ta Amurka, bakwai daga cikinsu Kiristoci, suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar baƙaƙen fata a Birmingham ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne, a yi haƙuri a bi ta kotu. Ba 'yan ta'adda ba ne, bishop-bishop ne da fastoci masu mutunci. Martin Luther King, fasto baƙar fata da ke jagorantar zanga-zangar, ya amsa musu daga kurkuku, ya ce babban abin da ke tare wa baƙar fata hanya shi ne mai sassaucin ra'ayin nan da ya fi son tsari a kan adalci. Wata biyar bayan haka, ranar Lahadi 15 ga Satumba, aka tayar da bam a wata majami'ar Baptist da ke birnin, 'yan mata huɗu suka mutu, uku masu shekara 14, ɗaya mai shekara 11. Shirun da malamai suka nema bai sayo wa waɗannan yara lafiya ba. Wanda ya yi shiru lokacin da doka take danne maƙwabcinsa ya riga ya zaɓi ɓangare, ko da bai taɓa jefa ƙuri'a ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce ai halin Turawa ne, mu ne aka zalunta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ruwanda ƙasa ce da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, launin fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya, amma a 1994 aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari. Dubbai sun gudu cikin majami'u a Nyamata da Ntarama suna zaton ba za a taɓa su a ɗakin Allah ba, a can aka karkashe su. A Nyange an rushe ginin majami'a da katafila a kan mutanen da suka fake a ciki, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami limamin wurin da laifi. Masu kisan da waɗanda aka kashe baftisma ɗaya aka yi musu. Zuciyar da take raina mutum saboda fatarsa ita ce take raina shi saboda ƙabilarsa ko harshensa ko asalin gidansu, kuma babu wata al'umma da Allah ya yi wa rigakafin wannan cuta.

Sai maganar gafara, wadda muka fi iya amfani da ita wajen toshe bakin wanda aka cuta. A watan Yuni na 2015 wani matashi farar fata ya shiga majami'ar Emanuel AME ta baƙaƙen fata a birnin Charleston na Amurka, ya zauna tare da masu nazarin Littafi Mai Tsarki, sannan ya harbe tara daga cikinsu har lahira. Bayan kwana biyu waɗansu daga cikin iyalan mamatan suka tsaya a kotu suka ce sun gafarta masa. Duniya ta yaba, mu ma mun yaba, kuma abin yabo ne ƙwarai. Amma ku lura da yadda muke saurin yaɗa labarin gafarar wanda aka zalunta, muna nauyin baki a kan tuban wanda ya yi zaluncin. Gafara baiko ne da mai rauni yake miƙa wa Allah da hannunsa, ba haraji ba ne da wanda bai ji ciwon ba zai zo karɓa. Abin da ke kan mai laifi da wanda ya ci ribar laifin shi ne tuba, kuma tuba a Littafi Mai Tsarki tana da farashi. Zakka bai ce a manta da baya ba, cewa ya yi zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zambata ninki huɗu, sannan ne Yesu ya ce ceto ya zo gidan nan. Ku gwada wannan da abin da Birtaniya ta yi a dokar soke bauta ta 1833, inda ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya ga masu bayi, su kuwa bayin ba a ba su ko sisi ba. Babbar ƙungiyar Baptist ta kudancin Amurka, wadda aka kafa a 1845 a kan rigimar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, sai da ta shekara 150 kafin ta nemi gafara a 1995.

Na san amsar da ke bakin wani: ba ni na yi ba, ba a ma haife ni ba. Gaskiya ne, kuma Allah ba zai hukunta ɗa saboda laifin ubansa ba. Amma Daniyel, wanda tun yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila, ya yi addu'a yana cewa mun yi zunubi. Nehemiya ya ce ni da gidan ubana mun yi zunubi. Ba za mu gaji waƙoƙin ikkilisiya da makarantunta da sunayen shahidanta, sannan mu ce bashinta ba namu ba ne. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye abin da Dawuda ya yi wa Uriya ba, bai kuma ɓoye cewa Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa ba. Idan Ruhu Mai Tsarki bai ga tone-tone a cikin rubuta waɗannan ba, wane ne mu da za mu fi shi kishin sunan ikkilisiya?

Yesu ya ce wa malaman Attaura da Farisiyawa suna gina kaburburan annabawa, suna cewa da a zamanin kakanninmu muke, da ba mu sa hannu a jininsu ba. Yau kowa yana son King, kowa yana yabon Desmond Tutu, babban bishop ɗin da ya yaƙi wariya a Afirka ta Kudu. Amma Beyers Naudé, fasto farar fata na Afirka ta Kudu da ya juya wa wariya baya, sai da ya rasa muƙaminsa a ikkilisiyarsa a 1963, 'yan'uwansa suka ɗauke shi maci amana, gwamnati kuma ta sa masa takunkumi na shekara bakwai daga 1977. A lokacin da suke raye suna magana, sunan da ake kiran irin waɗannan mutane shi ne masu tayar da fitina. Saboda haka hanyar da za ka san inda da ka tsaya a zamaninsu ita ce ka duba abin da kake ce wa mai kuka a gabanka yau.

Ina roƙonku, iyayena fastoci da dattawa, ku sake karanta sura ta shida ta Ayyukan Manzanni. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu suna raba kan ikkilisiya ba, ba su kuma ce su yi haƙuri ladansu yana sama ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa, aka danƙa musu aikin rabon. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku duba su wa suke zama a majalisar dattawanku da su wa ba su taɓa zama ba, ku duba 'yar wa kuke hana ɗanku aura alhali kuna cin Jibin Ubangiji tare da ubanta, ku koya wa matasa tarihin ikkilisiya da daɗinsa da ɗacinsa kafin su ji shi daga bakin masu yi mana ba'a. Don Allah, 'yan'uwa, ku daina cewa lafiya a madadin wanda ba ku tambaye shi ba.