Ni da fatar barewa

Kawuna mafarauci ne ya aiko mini da fatar barewa daga ƙauye, ta sha gishiri an naɗe ta a buhu. Da ma kakana majemi ne, sai na ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni zan jeme abata in ɗinka jaka. Ban taɓa riƙe kartaji, wuƙar da majema ke karce fata da ita, ba, amma wannan bai dame ni ba.

Na san dai ana fara jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki. Na zuba a robar wankin uwargida, sai tafiya ta kama ni zuwa Zariya, na yi kwana 6. Ranar da na dawo, tun daga bakin layi na ga yara suna toshe hanci. Maƙwabcina har ya sa an ɗaga masa katifa ana neman mushen ɓera.

"Baban Amira," in ji uwargida, "ko fatar nan ta bar gidan, ko ni in bar shi."

Na lallashe ta da alkawarin jakar zuwa biki. Na karce gashin da wuƙar yanka albasa, na yi wa fatar tagogi uku. Matakin kashin kaji kuwa, wanda majema ke yi don fata ta yi laushi, tsallake shi na yi, domin aurena ya fi jaka.

Sai bagaruwa. Na daka ta lukui, na jiƙa, amma tunda an ƙwace roba, a tsohon bokitin ƙarfe mai tsatsa na tsoma. Da safe fata ta koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ashe bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe baƙin rini take zama. Na shanya ta a tsakar rana, babu man gyaɗa, babu murza, ta bushe ƙamas, in ka ƙwanƙwasa har ƙara take yi.

Na kai ta majema a Kano wajen wani dattijo. Ya juya ta, ya leƙo ni ta ɗaya daga cikin ramukan.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

Na ce, "Wallahi Baba, wani yaro ne a unguwarmu."

Yanzu da ita uwargida take fifita gawayi, kuma kullum sai ta tambaye ni labarin jakarta.