Wai in tuge bishiyata

Jiya da yamma na dawo daga aiki na tarar da takarda daga ƙungiyar masu gidajen unguwarmu a nan kudancin Fulorida ta Amurka, wai bishiyar da na dasa ta matse katangar maƙwabci, in tuge ta ko su ci ni tara. Wallahi abin ya tsaya min a rai har abincin dare na kasa ci.

Bishiyar dangin ɓaure ce, a nan ana ce mata fidil lif saboda ganyenta ya yi kama da gogen Turawa, faffaɗa ne, wani ya kai kamu guda, kore shar mai sheƙi da jijiyoyi ɓaro ɓaro. Asalinta ma daga dazukan Afirka ta Yamma take, daga Saliyo har Kamaru, can inda ruwa ke yawa. Mutanen nan a tukunya suke ajiye ta cikin falo kusa da taga, za ka ga mace ta jiƙa tsumma tana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar tana yi wa jariri wanka, tana juya tukunyar don kowane gefe ya samu haske, in ganye ɗaya ya faɗi hankalinta ya tashi. Amma da yake ɓangarenmu ba a sanyi mai tsanani, in ka sa ta a ƙasa sai ta zama bishiya sosai, tana iya kai mita 12.

Ni ranar da na karyi reshenta a wajen masu sayar da tsirrai na ga farin ƙaron nan yana ɗiga irin na gamji, a take na saya. Ƙasar nan dutse ce fari, da diga na haƙa ramin, na zuba taki, makon farko rana ta ƙona mata ganye sai da na yi mata rumfa, kullum bayan sallar asuba nake ba ta ruwa har damina ta karɓe ni. Shekara uku ke nan.

Ban ce ba su da hujja ba. Saiwar dangin ɓaure tana fasa daɓe tana shiga bututun ruwa, kuma ba ta nutsewa ƙasa a kan dutsen nan, lokacin guguwar Irma a 2017 irinsu da yawa sun kife a kan motoci da wayoyin wuta. To amma abin da ke ci min rai, a takardar nan ba wanda ya ambaci inuwa. Su bishiya ado ce kawai, a auna ta a aske ta. Tun da na zo layin nan ban taɓa ganin mutum ɗaya zaune a gindin bishiya ba, daga mota mai AC sai gareji, ƙofa ta sauko ta rufe, shi ke nan.

Mu kuwa cediyar ƙofar gidanmu reshe Baba ya saro ya kafa da damina, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ba wanda ya zo da tef. A gindinta aka ɗaura auren yayyena, a nan aka yi zaman makokin Baba, mai faci da mai shayi duk ita ce shagonsu. Ba banza aka yi wa Sardauna kirari da Gamji ba, mutanenmu sun san darajar abin da ake fakewa a ƙarƙashinsa.

Bara ƙanena ya kira ni ya ce Yaya za mu sare cediyar nan mu fitar da shaguna biyu, kuɗin haya zai taimaka wa Hajiya. Na yi shiru, sannan na ce to, ni ma na tura kuɗin bulo. Har yau ban ce ya turo min hoton ƙofar gidan ba.

Ranar Asabar in sha Allahu zan haƙo ta da saiwarta in mayar tsakiyar bayan gida, nesa da katangar kowa. In ta kama, tabarma zan shimfiɗa a gindinta in zauna da yarana bayan la'asar.