Wai don ƙanina yana Ingila sai na daina jin yunwa?

Jiya bayan la'asar aka ci min mutunci a kan kwano ɗaya na shinkafa, kuma wallahi har yanzu da nake rubutun nan ƙirjina bai daina zafi ba. Shekarata 19 ina koyarwa a firamare, ban taɓa cin kuɗin kowa ba, ban taɓa barin bashin wani ya haura wata biyu a kaina ba, amma jiya a gaban yara sa'annin ɗana aka maida ni abin dariya.

Shagon bakin layinmu ne, mutumin da tun yana ɗan tebur da ashana da alawa nake ciniki a wurinsa. Wata ya kai 27 albashi shiru, uwargida ta zazzage buhu a gabana ko ƙwaya babu. Na je na yi sallama na ce Alhaji dan Allah a auna min kwano ɗaya 'yar Hausa da taliya biyu a rubuta, in alat ya shigo zan kawo. Bai ɗago ba, yana ta danna waya. Na sake faɗa. Sai ya ɗago ya kalle ni tun daga hula har silifas, ya jawo littafin nan nasa mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya fara buɗe shafi ɗaya-ɗaya a hankali, alhali ni da shi duk mun san inda sunana yake. Da ya iso sai ya karanto da ƙarfi yadda 'yan benci za su ji, dubu sha ɗaya da ɗari huɗu. Na ce na sani Alhaji, ai ban musa ba.

Sai ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai ya ce, "Malam wai ni ba ƙaninka ne a Ingila ba? Mutum yana da mai turo masa fam amma ya zo yana cin bashin kwano ɗaya? Ko tarawa kuke yi kuna jira ya ƙara tashi?"

Benci ya ɗauki dariya. A cikinsu akwai yaron da ni na koya masa haɗa baƙi a aji ɗaya, shi kaɗai ya sunkuyar da kai. Na ce Alhaji ni kake gaya wa haka? Ya ce ai ba zagi ba ne Malam, mu ma ba kyauta ake ba mu kaya a kasuwar Singa ba. Ba zagi ba ne! To me ake kira zagi in ba a tona asirin magidanci a bakin titi ba? Sannan ya ɗauki kwanon ya cika, ya sa gefen hannu ya shafe shi tas ko tozo bai bari ba, ya juye a leda ya turo min ta kan katako ba tare da ya kalle ni ba. Kuma na ɗauka. Eh na ɗauka, don mutum tara ne ke jirana a gida.

Bari in gaya wa Alhaji da ire-irensa labarin fam ɗin da suke ƙirga min. Ƙanina fili ya sayar ya tafi a 2024, aikin kula da tsofaffi yake yi, yawanci da daddare, shi ne wanke su shi ne ɗaga su. Tun watan Maris na shekarar gwamnatin can ta hana masu wannan bizar tafiya da iyali, don haka matarsa da yara biyu suna nan gidana, cikin mutum taran nan da na ce har da su. Ɗaki ɗaya yake haya, kicin da banɗaki da wasu yake haɗawa, kuma kuɗin ɗakin nan kaɗai ya kusa cinye rabin abin da yake samu, ga kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki in sanyi ya shigo, ga haraji da ake zarewa tun kafin kuɗi su iso hannunsa, ga bashin tafiya da bai gama biya ba. Abin da ya rage yana turowa, Allah ya saka masa, amma kafin ya zagaya kan maganin Hajiya da kuɗin makarantar yara ya ƙare. Duk sanda muka yi waya muryarsa a shaƙe take da gajiya, ya ce Yaya mu ma nan tsadar ce.

Na yarda da shi, ba ƙarya yake ba. Amma kar wanda ya sake ce min tsadar can da ta nan ɗaya ce. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya babban mutum a Ingila a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ɗaya. A lokacin fam yana wajen naira 2,000. Yi lissafi da kanka, aikin awa uku a can ya kamo naira 70,000 da aka sa mana a matsayin mafi ƙarancin albashin wata guda cur a 2024. Shi yana kukan ba ya iya ajiya, ni ina kukan abin da za a ɗora a wuta yau. Shi bai taɓa tsayawa gaban mai shago ana karanto masa bashin shinkafa ba. Da tsadar ta kai musu wuya a 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 11, gwamnatinsu sai da ta rage wa kowane gida fam 400 a kuɗin wuta. Mu tamu ta wuce kashi 34 a 2024, me aka ba mu? Haƙuri, sai ɗan mudun tallafi da sai ka san wani a mazaɓa kafin ka gan shi.

Shi ya sa raina yake ɓaci duk sanda na ji wani babba a rediyo yana cewa ai matsalar duk duniya ce. Duniya ce ta tashi ranar 29 ga Mayun 2023 ta cire tallafin mai a jawabin rantsuwa ba tare da an tanadi komai ba? Litar da muke saye ƙasa da naira 200 muka wayi gari ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Duniya ce ta saki naira mako biyu bayan nan, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a banki ta haura 1,500? Kafin su ma ai mun sha rufe boda a 2019, mun sha canjin kuɗi a farkon 2023, muna kwana layin banki da kuɗinmu na halak muna saye a hannun mai POS. Kowa ya zo sai ya gwada tasa dabarar a kan cikinmu, su kuma 'ya'yansu suna can ƙasashen da suke ba mu misali da su. A ce mu ɗaure ciki, su suna sauya motoci. Ni yanzu rabin hanyar makaranta a ƙafa nake yi don kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina, nama kuwa sai in an yi suna a layi.

Mu ma talakawan ba mu bar juna ba. Dala ta tashi a ƙara kuɗi, dala ta sauka a ce tsohon kaya ne. Har mai kuka da kuɓewa sai ya ce maka dala, kamar daga Amurka ake kaɗo kukar. An ce shinkafa ta ɗan sauko, to ta sauko, amma hayar gida ta sauko? Magani ya sauko? Kuma an wayi gari duk wanda yake da ɗan'uwa a waje ba a tausaya masa, ba a ɗaga masa ƙafa, a biki a ninka masa gudummawa, a shago a yi masa gori.

Shinkafar an dafa, yara sun ci, ni ban iya kai loma ba. Alat na shigowa wurinsa zan fara zuwa, in ƙirga masa kuɗinsa a gaban 'yan bencin nan dai, ya ɗauki biro ya soke sunana ina tsaye.