Sola ba daga Sin ta fara ba, kuma akwai namu a cikin waɗanda suka share hanya

Ranar Asabar na raka ƙanena fadama, inda yake noman albasa. Ya sa faifan sola huɗu a kan ƙarfe, ya haɗa su da famfo a bakin rijiya. Da hantsi ya ɗaga sai ruwa ya fara bulbulowa ta tiyo, babu ƙara, babu hayaƙi, babu jarkar fetur a gindin darbejiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsohon injinsa yake cinye ribar albasar tun ba a tone ta ba. Wani dattijo maƙwabcin gonarsa ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, mutanen Sin akwai basira." Na ce masa haka ne Baba, amma maganar ta tsaya mini a rai har gida.

Gaskiya ne Sin ce ta sa faifan ya yi arha har talaka ya iya saye. Sai dai ban ruwa da zafin rana ya girmi kakanninmu, kuma a Afirka aka yi babban gwajinsa.

A 1913 wani Ba'amurke mai suna Frank Shuman ya kafa tasha a Ma'adi, kudu da Alƙahira, a gaɓar kogin Nilu. Ya jera madubai lanƙwasassu kamar kwami har layi biyar, kowane layi ya haura mita 60, suna juyawa suna bin rana. Zafin da suka tara yana tafasa ruwa, tururin ya tuƙa inji, injin ya ɗebo kimanin galan 6,000 a kowane minti zuwa gonakin auduga. Ku sake karanta wannan adadi. Shekara guda bayan nan yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aikin ya tsaya, man fetur mai arha ya zo ya rufe zancen. Shuman ya rasu a 1918.

Kafin shi akwai Augustin Mouchot, malamin lissafi a Faransa, wanda ya damu cewa wata rana kwal zai ƙare. A bikin baje kolin duniya na Paris a 1878 ya nuna injinsa, har ya yi ƙanƙara da zafin rana, aka ba shi lambar zinariya. Da kwal ya yi arha gwamnati ta janye hannunta, mutumin ya mutu cikin talauci a 1912. Wannan yana ba ni tausayi ƙwarai. Shi kuwa faifan silikon irin na yau, a 1954 aka fara nuna shi a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, yana mayar da kashi 6 cikin 100 kacal na hasken zuwa lantarki.

Wanda ya sa ni wannan rubutu dai shi ne Farfesa Abdou Moumouni. Da yawanmu mun san sunan ne kawai saboda jami'ar Yamai da aka sa wa sunansa. A Tasawa aka haife shi a 1929, nan ƙasar Maraɗi, ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, kuma da irin iliminsa da ya so zama can da ya zauna cikin rufin asiri. Bai zauna ba. Ya yi aikin binciken makamashin rana a Bamako, sannan daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, a Yamai na tsawon shekara goma sha shida. A nan suka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa, da murhun girki, da na'urar tace ruwa, duka da rana, suka kuma yi aiki a kan inji mai ɗebo ruwa. Ya dubi matar da ke yin tafiyar rabin yini neman itace, ya dubi daji yana ƙarewa, ya ga cewa abin da Allah Ya fi ba mu a wannan yanki shi ne wanda muke gudu mu shiga inuwa saboda shi. Ya rasu a 1991. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a kullum ba ilimi ne ya gaza ba. Mai ne ko kwal yake yin arha, sai masu mulki su juya baya. Mu ma haka muka yi shekaru da shekaru, muna da cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato tun farkon shekarun 1980, amma yau ko ƙaramin akwatin da ke daidaita wutar famfon ƙanena, in ya ƙone, sai dai a jira sabo daga kwantena.

Ni ra'ayina, a sa tarihin Abdou Moumouni a darasin kimiyya na sakandare, daga Kano har Damagaram, a kuma buɗe ajin gyaran inbata da famfon sola a makarantun koyon sana'a. Da dare na nuna wa ɗan ƙanena, wanda yake aji biyu a babbar sakandare, hoton farfesan a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni awa nawa ne daga Katsina zuwa Tasawa a mota.