Wanda ba ya asara ba mai zuba jari ba ne

Tun jiya da daddare maganar mutumin nan na bidiyon da kuke ta turo mini ta tsaya mini a wuya. Wai manoman Akko ta jihar Gombe ba su da amana, an ba su taki da iri sun karkatar da masara kasuwa, shi ya sa masu kuɗi suke gudun ƙauye. Subhanallahi! A ci gumin mutum, sannan a hau intanet a ci mutuncinsa?

Ba zan yi kwana-kwana ba. Duk wanda ba ya asara ranar da gona ta yi asara, ba mai zuba jari ba ne. Mai ba da bashi ne, ya amsa sunansa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana wani ƙauye bayan Kumo. Ya shiga irin wannan tsari da hekta ɗaya. Wani kamfani ya ba shi takin kamfa buhu biyu, yuriya ɗaya, iri da maganin feshi, aka miƙo takarda da Turanci ya dangwala yatsa. Takin bai iso ba sai da shuka ta kai gwiwa. Bashin an rubuta shi da naira, amma biya da masara, a kan farashin ranar karɓa, wato tsakiyar kaka, lokacin da hatsi ya fi arha a duk shekara. Ku lura da kyau: idan farashi ya faɗi, bashin ba ya raguwa, buhunan da zai bayar ne suke ƙaruwa. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ta fara goyo, tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta ci nata rabon. Da aka gama lissafi abin da ya casa bai rufe bashin ba. Sai da ya ja ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu zuwa tike, kasuwar dabbobi. Garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Mutumin da yake yi wa maƙwabta huɗa a biya shi, yanzu shi ke bin layi yana jiran a gama na wasu.

Da na je gaishe shi ce mini ya yi, "Ɗana, ba san ne ya hana ni barci ba. Kirana maci amana da aka yi a gaban jauro, yarana suna tsaye."

To ku gaya mini, a wannan damina me kamfanin ya rasa? Fari na kawu, tsutsa ta kawu, faɗuwar farashi ta kawu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan ne zuba jari?

Kuma kowa ya san yadda shekarun nan suka zo wa ƙaramin manomi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, hayar tarakta, kuɗin mota zuwa kasuwa, kuɗin ƙwadago, komai ya tashi. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Hatsi ya sauko a 2025, mai awo a gari ya numfasa, na yi masa murna har zuciyata. Amma taki bai sauko tare da shi ba. Mai kamfanin ya san duk wannan sarai, ya fi kawuna sani, shi ya sa ya rubuta takardarsa yadda ko sama da ƙasa za su haɗu kuɗinsa ba zai taɓu ba.

Na san masu cewa ai akwai manoman da ke sayar da takin tun a bakin mota. Akwai, ban musa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: takin da ya zo bayan lokaci, ga yaro kwance da zazzaɓi, me kake tsammani? Masu kawo mini zancen Anchor Borrowers kuma, wato bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wai manoma ba su biya ba, ku ajiye shi, kawuna ko naira ɗaya bai karɓa ba a ciki. Mai cewa ai shi ya sa hannu, ba ni da lokacinka.

Abin da ke ƙona mini rai, ba baƙon abu muke nema ba. Malamanmu sun karantar da mu ƙiradi tun a zaure: mai dukiya ya kawo dukiyarsa, mai aiki ya kawo ƙarfinsa, riba a raba yadda aka yi alkawari, asara idan ta zo ba da sakaci ba ta hau kan dukiya, mai aiki ya tashi da asarar wahalarsa. Iyayenmu mata ma haka suke ba da tunkiya kiwo a rugar Fulani, a raba 'ya'ya, in ta mutu a ce Allah ya mayar da alheri. Ba a kai kowa gaban jauro. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, tana nan tun 1987. Me ya hana kamfanin ya yi wa gonakin inshora? Me ya hana ya yanke farashin saye tun kafin shuka, ko ya bari a ajiye masarar zuwa bazara? Don duk wannan yana nufin ya ɗauki wani kaso na haɗarin, shi kuwa ba ya so. Ga madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wanda da gaske yake ya je ya kafa injinan ban ruwa, ya shiga noman rani da mutane, a ci tare a rasa tare. Ranar da na ga haka ni zan fara yi masa talla a shafin nan.

Wallahi ba na ƙin mai kuɗi ya shigo ƙauye, muna buƙatarsa matuƙa. Ya shigo a matsayin abokin tarayya, ko ya faɗa mana gaskiya bashi ya kawo.

Af, sa ɗayan da ya rage wa kawu ma ba shi da lafiya, yana ta ramewa, ana zargin ciwon hanta. Maganin da aka sayo masa a kasuwa ya sha rana a kan tabarma har rubutun kwalbar ya goge. Don Allah wanda ya san likitan dabbobi na kirki tsakanin Kumo da Pindiga, wanda zai yarda ya shiga ƙauye a babur, ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Juma'a.